Ranar da Babanku Ya Ƙi Tayar da Mota

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ja kwanana har na ga jikoki suna yi mini gardama. Sa'adatu, ke ce mai alƙalami, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini Hausa ki mai da ta irin ta rediyo. Abin da ya sa na ce yau sai an rubuta wannan babi, magana ce na ji a wurin sunan ɗiyar ɗana Bello. Ina zaune a ɗaki ana ta hidima, sai na ji wata jikata tana ba ƙawayenta labari, wai kakanta direba ya taɓa janyo surukinsa daga kan katafila a tsakiyar kasuwar Illo har rawanin tsoho ya faɗi ƙasa. Na ce to, madalla. Ni da nake tsaye a wurin ban ga rawani a ƙasa ba, amma ga wadda ko cikinta ba a yi ba ta gani. Babanku yana kabari, ba shi da bakin kare kansa, shi ya sa zan faɗa muku abin da idona ya gani.

Shekarar nan gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shiga fadamarmu ta Geza. Da ya janye sai ya bar mana yashi, ya toshe magudanar da ke kai ruwa gonakin shinkafa. Maza suka yi gayya da cebur da kwando, suka haƙa har hannuwa suka yi kanta, yashi kamar ƙara shi ake yi. Mahaifina, wanda kowa a garin ke kira Malam, shi ne shugaban manoman fadamar, kuma duk wanda gonarsa ta bushe ƙofarsa yake zuwa ya tsaya. Ana cikin haka aka ji labarin wani mutumin Dandi daga tsallaken iyaka, yana da ƙaramar katafila mai hannu ɗaya, ya gama haƙa ramin kifi kusa da Illo. Ba irin ƙatuwar nan ta masu aikin hanya ba ce. 'Yar ƙarama ce mai ƙafafun roba, da bokitin haƙa, da kujera ɗaya a sama ƙarƙashin 'yar rumfa. Mutumin ya yarda zai zo, amma ya ce ɗauko ta aikinmu ne, don in aka ce ta tako da ƙafarta sai damina ta riske ta a hanya.

Ɗauko ta kuwa ba wanda aka duba sai babanku. Ɗan Bahindi ne, aure ya zaunar da shi a Geza. Ya yi shekaru yana jan kayan masu aikin hanya kafin ya sayi akori-kurarsa, kuma yana da 'yar tirela mai faɗi da yake ɗaurawa a bayanta. Kun san halinsa, mutum ne da in zai ɗaure akuya sai ya duba igiyar sau biyu ya kuma dawo ya taɓa turken. Ni kaina wani lokaci sanyin jikinsa na ƙona mini rai. In muna sauri yana zagaya mota yana buga taya da ƙafa, nakan ce masa, "In ka gama gaisawa da tayoyin ka tuna muna nan." Dariya kawai yake yi.

Sai ku fahimci yadda yake da Malam, don yaran yanzu ba ku san wannan ba. Na ga mijin jikata Hadiza yana cin tuwo kwano ɗaya da surukinsa suna gardamar ƙwallo, na ce duniya ta zo ƙarshe. Tun da aka ɗaura aurenmu babanku bai taɓa cin abinci a gaban Malam ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ya hango shi a hanya, tun daga nesa zai cire takalmi ya durƙusa. Malam kuma zai amsa gaisuwa yana kallon wani gefe, kuma bai taɓa kama sunansa ba, "mai mota" yake cewa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, girmamawa ce. Ni ma kaina, da yake ni ce ɗiyar fari, Malam bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "wagga yarinya", har na yi furfura. Ban taɓa sanin ɗumin jikinsa ba, don ko ina jaririya Inna ta ce bai ɗauke ni a gaban mutane ba.

Ranar kasuwar Illo aka tsayar. Na bi babanku don in sayo man ja da gishiri, ke Sa'adatu kina goye a bayana. Malam ya riga mu tafiya tun da safe tare da 'yan kasuwa, don a yi maganar da mai katafila a gabansa. Da na gama sayayya na dawo bakin kasuwa na tarar an fara lodi, jama'a sun kewaye suna kallo kamar wasan kura. Babanku ya ƙi wurin da aka fara nuna masa, ya ce ƙasar ta karkace, ya ja motar zuwa inda yake a shimfiɗe kuma da tauri. Ya ja birkin hannu, ya tokare tayoyi da itace gaba da baya, ya duba maƙalin da ya haɗa tirela da mota. Ya sa aka kankare laka daga ƙafafun katafilar, wai laka ke sa ta zame a kan ƙarfen hawa. Ya kori kowa daga gefe da gefe. Sannan mutumin Dandi ya hau ya taka ta a hankali, tana rarrafe, babanku yana gaba yana yi masa alama da hannu, har nauyinta ya zauna daidai kan tayoyin tirela, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan. Aka kwantar da bokitin ya taɓa dandamali, aka sa ƙusar da ke hana ta juyawa, aka kashe ta aka cire makulli. Ya kawo sarƙoƙi ya ɗaure ta ta kusurwa huɗu, ya ƙara ɗaya a kan hannun, yana ɗamewa yana jijjigawa har sai da ya ji ba motsi. Daga ƙarshe ya ɗauko wata gora ya auna tsawonta daga ƙasa, saboda wayar lantarki da rassan itatuwa. Wani mai sayar da albasa ya ce ko amarya ba a shirya ta haka.

Mutumin Dandi ya hau mashin ɗinsa ya yi gaba. Bayan akori-kura ya cika da durom na gas da ƙarafunan hawa, ba inda dattijo zai zauna. Saura gidan gaba. Babanku ya je ya buɗe ƙofa, ya koma gefe ya durƙusa, ma'ana Malam ya shiga. Malam ya dubi kujerar nan, ya ga in ya shiga kafaɗarsa za ta gogi ta ɗiyarsa ta fari, gwiwarsa ta kusa ta surukinsa. Na ce ni zan sauka in hau kabu-kabu, wato mashin na haya, ya yi kamar bai ji ba, don zama shi kaɗai da suruki ya fi wancan nauyi. Sai ya ɗaga kai ya ga kujerar katafila a can sama, ita kaɗai, ga rumfa, ga iska. Kafin mu ankara ya tattare rigarsa, ya taka taya, ya hau ya zauna, ya ajiye butarsa ta ƙarfe a gefen kujera. Mutanen Geza da ke wurin suka hau yi masa kirari, wai haka ya dace, wanda ya nemo abin alheri shi zai shiga gari a kansa. Gaskiya ya yi kyau a wurin, farar riga da farin gemu. Ni ma sai da na ji daɗi a raina.

Na juya na ga fuskar babanku ta canza. Ya cire takalmi ya je gindin tirela ya durƙusa cikin rana, kansa a ƙasa.

"Baba, ka yi mini aikin gafara. Ba a zama a nan in mota na tafiya."

Malam bai dube shi ba. Ya dubi mai albasa ya ce, "A gaya ma mai mota na zauna lafiya lau. Shi tada mu tafi."

Babanku ya sake magana. Ya ce sarƙa ƙarfe take riƙewa, ba ta riƙe mutum. Ya ce hanyar da ruwa ya ci ba ta da amana, in tirela ta yi tsalle wanda ke sama shi ne farkon faɗowa, kuma daga gidan gaba ba zai gani ba balle ya tsaya. Malam ya ce ya hau raƙumi ya hau kwalekwale cikin ambaliya tun ba a haifi wasu ba, kujera mai rumfa ba za ta gagare shi ba. Jama'a suka yi dariya. Wasu suka fara cewa babanku ya ji tsoron Allah, ya tuna wanda ya ba shi mata. Sai ya miƙe, na ɗauka ya haƙura. Ya je ya zare makullin mota, ya dawo ya ajiye shi a ƙasa gaban tirela, ya sake durƙusawa.

"Baba, ga mota ga makulli, duka naka ne. Amma ni ba zan ja ta kana sama ba."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba a taɓa jin suruki ya ce wa uban matarsa a'a a bainar jama'a ba. Na harari babanku harara mai zafi, na matsa kusa na ce masa ƙasa-ƙasa ya rufa mini asiri ya tada motar, ya tafi a hankali, Allah zai kiyaye. Bai ko ɗago ba. Ƙasar wurin ta yi zafin da ba a iya taka ta, shi kuwa ba takalmi, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Haka aka yi ta zama, tsoho a sama, suruki a ƙasa, ke kuma kina tsala kuka a bayana. Da Malam ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya sauko da kansa. Ku ji da kyau, da kansa ya sauko. Ba wanda ya taɓa shi, rawaninsa na kansa daram. Ya ɗaga hannu ya kira mai kabu-kabu. Cikin fushi ya manta butarsa, babanku kuma da bai taɓa barin ko tsinke a kan kaya ba, ranar hankalinsa ya tashi har bai gan ta ba.

Muka kama hanya. Ni na cika na yi fam. Da muka ɗan taɓa tafiya ya tsaya ya fita ya sake ɗame sarƙoƙi, don ya ce kaya sai ya ji hanya yake zama. Malam yana biye da mu a baya, ya hana mai mashin wucewa, ina jin so yake ya nuna ba gudu ya yi ba. Akwai wani kwalbati kafin a shiga garinmu, ruwa ya cinye gefensa ta ƙasa, yashi ya lulluɓe sama, in ka duba sai ka rantse hanya ce lafiyayya. Babanku ya rage tafiya sosai. Motar ta wuce. Tirela na hawa sai gefen ya burma, tayar hagu ta faɗa. Na ji motar ta girgiza, na ji ƙarar sarƙa kamar za ta tsinke. Na leƙa baya na ga katafila ta karkata, rumfarta ta yi gefe kamar za ta sumbaci ƙasa. Na hau salati. Amma ta tsaya inda aka ɗaure ta, ko taki ɗaya ba ta gusa ba. Babanku ya sa giya mai ƙarfi ya ja a hankali har tayar ta fito. A nan na ji wani abu ya yi ƙara ƙarƙashin tayar baya. Butar Malam ce, ta yi tsalle daga gefen kujera ta faɗo daidai inda taya za ta bi, ta lotse kamar faifai.

Malam ya ga komai, don yana bayanmu. Ya sauka daga mashin, ya sunkuya ya ɗauki butar, ya juya ta a hannunsa, ya cusa ta cikin riga. Ya hau ya wuce mu bai dubi kowa ba. Ni kuwa na fito na zauna a bakin hanya ina kuka, ina kallon kujerar nan da ba kowa a kanta.

Za ku ce ai shi ke nan an shirya. Ina! Ba ku san tsofaffin da ba. Abin ma ƙaruwa ya yi. Labarin kasuwa ya riga mu isa gari, kuma ya isa da ƙari, labarin kwalbati kuwa ba wanda ya gani sai mu da mai mashin, shi kuma ba ɗan garin ba ne. Babanku ya hana ni faɗi. Ya ce in aka ji, za a ce yaro ya fi tsoho gaskiya, kunyar Malam ta zama biyu. Da safe ya je gaisuwa kamar kullum, Malam na hango shi ya tashi ya shige gida. Washegari ma haka. Babanku ya aika masa da kifi, aka dawo da shi. Ni in na shiga gidanmu sai Malam ya ɗauki carbi ya juya baya. A masallaci mutane suka rage ba babanku hannu, a bakin rijiya mata na ganina sai hira ta mutu. Yayyensa suka taso daga Bahindi suka zaunar da shi, suka ce ya ja musu abin faɗi, ya je da dattawa ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya yi kuskure. Ya ce haƙuri zai ba Malam har ƙarshen ransa, amma ba zai ce kuskure ba ne, don in gobe aka sake, abin da zai yi ke nan. Suka tafi suna cewa taurin kai zai kashe masa aure. Kuma ba ƙarya suka yi ba, don ƙannen Malam sun fara cewa in dawo gida har sai an san matsayin kowa. Na rame a wannan rani. Gida biyu nake da su, kowanne in na shiga kamar baƙuwa.

Inna ce kaɗai ke kwantar mini da hankali. Wata rana tana tankaɗe ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, wai ta ga wata lotsattsiyar buta ƙarƙashin shimfiɗar Malam, kuma in ya idar da sallar asuba yakan ɗauko ta ya daɗe yana kallo. Ta ce in bar shi, fushin ba da mai mota yake yi ba.

Katafila ta yi aikinta. Ta buɗe magudana, ruwa ya bi ya shiga gonaki, shinkafa ta yi kore. Lokacin mai da ta ya yi, don mai ita na son ya tsallaka da ita kafin ruwan sama ya ɓata hanya. Babanku ya yi lodi a bakin fadama kamar yadda ya yi na farko, bai rage ko abu ɗaya ba. Na kawo masa fura ke nan, sai ga Malam tafe da sanda da sabuwar buta ta roba. Mutane suka dare. Babanku ya yar da abin da ke hannunsa ya durƙusa. Malam ya wuce shi, ya je ya tsaya a ƙofar gidan gaba, ya ce shi ya karɓo amanar mutane, shi zai mai da ta. Sannan ya dubi gefena.

"Ke, shiga tsakiya."

Na shiga da kwaryar furata, ko mayafin kirki ban ɗauko ba. Malam ya shigo ya ja ƙofa. Kafaɗarsa ta jingina da tawa. Ina da 'ya'ya har da mai aure, amma ranar na fara jin ɗumin jikin ubana, na ji ashe duk ƙashi ne, ba nauyi. Babanku ya riƙe sitiyari kamar yau ya fara koyo, idonsa a kan hanya, Malam kuma nasa idon a taga. Da muka iso kwalbatin, wanda aka riga aka cike da duwatsu, babanku ya tsaya ya fita duba sarƙa. Sai Malam ma ya buɗe ƙofa ya fita. Ya tsaya a inda butar ta faɗi, ya daɗe. Ya taka ya je ya kama sarƙa ɗaya ya jijjiga, yadda ya ga ana yi. Sannan ya juya ya dubi babanku ido cikin ido, ya kira shi da sunansa, sunan da ni ban taɓa faɗi ba kuma ba yau zan fara ba.

"Da ka ji kunyata ranar nan, da a tabarma aka kai ni gida. Allah shi yi maka albarka."

Babanku ya durƙushe a kan hanya ya rufe fuska da hannu. Malam ya ce ya tashi rana na yi, mutumin Dandi na jira.

Ranar Juma'ar da ta biyo, Malam ya rataye lotsattsiyar butar a zaurensa, inda duk mai shigowa zai gani, kuma wanda ya tambaya ya ba shi labari da bakinsa. Amma kun san mutane, labarin rawani ya fi daɗin faɗi, shi ya rayu. Malam ya ƙara shekaru masu albarka bayan haka. Ya ci shinkafar fadamar nan, ya ga auren Bello, ya tauna dabino ya sa a bakin ɗansa na fari. Da ciwon ajali ya kama shi, babanku ne ya kai shi asibitin Bagudo, a gidan gaba, kansa a kafaɗata.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutumin da ya yarda gari ya zage shi don ubana ya kwana da rai. Ranar a kasuwa na harare shi, na roƙe shi ya tada mota, kuma duk zamanmu bai taɓa tuna mini ba. Butar tana cikin adakata, ƙarƙashin zannuwa. Sa'adatu, ajiye alƙalamin ki ɗauko ta, ki kira mini yarinyar nan mai labarin rawani. Ina so ta riƙe ta a hannunta.